Sitiyarin Da Ya Tashi Kyaftin Shu'aibu Daga Kan Gado

Wata rana a Kaduna, wata budurwa mai suna Rumasa'u ta shigo gida da ƙaton kwali tana haki, bakinta har kunne.

Mahaifinta, Kyaftin Shu'aibu, tsohon matuƙin jirgin sama ne. Tun da ciwon ido ya raba shi da gani ya shige ɗaki. Mutumin da dariyarsa ke cika layi ya koma daga "to" sai "a'a". Abinci ma sai an yi da gaske.

Wannan shirun ne ke cin Rumasa'u. Gani take yi mahaifinta na ƙarewa a gabanta.

Ita kuwa mayyar tuƙa jirgi ce a kwamfuta. Ta taɓa ɗora hannunsa a kan tsohuwar sandar robar da take tuƙa jirgin kwamfutar da ita. Ya juya sau ɗaya ya saki, ya ce kamar juya cokali ne a kofin da babu shayi.

Abin da ke cikin kwalin nan daban ne. Sitiyarin jirgi ne mai ƙananan injina a ciki, wanda aka ce yana mayar wa hannu da abin da jirgi ke ji.

Ta haɗa shi a falo, ta tashi jirginta a allo.

Kai jama'a!

Tana ƙara gudu, sitiyari ya yi nauyi. Ta ja, ya ja. Ta ɗaga hancin jirgi sama sosai, sai abu ya saki, ya kama karkarwa, kar-kar-kar, har tebur na rawa.

Ranta ya ɓaci. Ta ce shi ke nan, an sayar mata da lalatacce.

Sai ta ji murya daga bakin ƙofa, irin muryar da aka daɗe ba a ji ba a gidan:

"Mamana, sauke hancin! Ƙara wuta!"

Mahaifinta ne, ƙarar karkarwar ce ta fito da shi. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Abba, ai ya lalace ne, kokawa yake yi da ni."

"Lafiyarsa ƙalau. Gaya miki yake yi kin kusa faɗowa. Tashi ki ba ni!"

Ya lalubo kujera ya zauna. Yana kama sitiyarin, kafaɗunsa suka miƙe. Ya tura kaɗan, karkarwar ta tsaya. Nauyi ya dawo hannunsa a hankali, sai ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, ga iskar nan."

Wallahi Rumasa'u ba ta san lokacin da hawaye suka zubo mata ba.

"Ke ce idona. Karanto mini gudu da tsawo."

Tana karantowa, yana gyarawa da 'yan yatsu. "Hagu kaɗan, Abba! Ga titin saukar nan! Ga shi nan!"

Tayoyi suka taɓa ƙasa, sitiyari ya ɗan girgiza.

Kyaftin ya ƙyalƙyale da dariya. Hajiya, matarsa, ta fito daga kicin a guje da ludayi a hannu, ta zaci wani abu ne ya faru.

Ya juyo wajen 'yarsa yana goge ido.

"Tuƙinki akwai gyara, Mamana, ba kaɗan ba. Gobe da safe za mu fara daga farko. Hajiya, a zubo mini tuwon nan, yunwa nake ji."

Darasi: Wanda ka ga ya yi shiru ya naɗe hannu, ba lallai ya ƙare ba. Wataƙila mun cika lallaɓa shi ne da abin da ba shi da nauyi. Ka miƙa masa aikin da ya iya, ka nuna masa kana buƙatarsa da gaske, ka ga yadda zai miƙe.

Idan akwai dattijon da ya yi shiru a gidanku, tura wannan zuwa zauren danginku, sannan ka tashi ka je ka nemi ya koya maka wani abu yau.