Fiffiken da Ke Tara Ruwa

Shekara arba'in da ɗoriya Na-Sama ya yi yana rufa wa mutane gidaje da kwano, kuma duk tsawon lokacin nan abokin gabarsa ɗaya ne, iska. Sunan ma a wurin aikin ya samo shi, don duk wanda ya zo nemansa gida amsar matarsa ba ta canzawa: "Yana sama." Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, kullum da ƙusoshi biyu ko uku a gefen baki, har ya saba magana da rabin leɓe ko babu komai a bakin. In ya je gidan mutane ziyara, kafin a gama gaisawa ya ɗaga kai ya nuna inda rufin zai yi yoyo baɗi. Wannan halin ya rage masa gayyata ƙwarai.

'Ya'yansa biyar, kuma duka biyar ɗin sun tsani tsani. Babu wanda ya gaje shi. Auta ce ma ta ɗauko rashin tsoronsa, sai dai ita a ƙasa take nata. Ranakun aiki tana koya wa mutane tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ranar hutu kuma ta sa hular kwano ta shiga wata tsohuwar ƙaramar mota da ta gyara da kanta, ta tafi filin tsere na bayan gari ta huce haushin ɗalibanta.

A filin nan akwai wata doguwar kwana da ake shiga da gudu. A nan bayan motar Auta ya kufce wata rana, ta yi juyi biyu ta tsaya cikin ciyawa. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma mahaifiyarta, Mama, ta ji labari. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ki ji ni da kyau. Motar nan ta sake juyawa da ke sau ɗaya, tsere ya ƙare. Ba na maimaitawa."

Duk gidan an san ba ta maimaitawar.

Sai Auta ta sami mahaifinta a rumfarsa ta bayan gida da zane a takarda. Fiffike take so ya ƙera mata da farantin alminiyam, a kafa shi kan ƙafafu biyu a bayan mota. A gefe kuma a huda ramuka biyar a jere, yadda za a iya ɗaga bakinsa ko a sauke shi da noti ɗaya.

"Fiffike?" ya ce. "Uwarki na faɗan kin bar hanya, ke kuma tashi za ki yi?"

"Ba na tashi ba ne, Baba, na dannewa ne. In ina gudu iska ta bi ta jikinsa, sai ta danna bayan motar ƙasa, tayoyi su kama kwalta. Rami na biyar ya fi dannewa, amma yana rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Na ɗaya kuwa gudu ne zalla."

Na-Sama ya daɗe yana kallonta. Shi a saninsa iska ɓarauniyar rufi ce, bai taɓa jin an ɗauke ta aiki ba. Abin ya ba shi sha'awa fiye da yadda ya nuna.

Kwana huɗu ya yi yana bugu da goge-goge. Aikin ya fito sumul, ramukan nan biyar kamar an auna su da ma'aunin zinariya. Wajen kafawa ne ya sake duba zanen, ya ga doron fiffiken yana kallon ƙasa, kwarminsa yana kallon sama. Ya girgiza kai, ya ji tausayin 'yan boko. Wane mai hankali ne zai kafa kwano a haka? Ai ruwan sama zai kwanta a ciki. Ya gyara wa mai zanen kuskurensa, ya kifa doro sama kamar yadda ya kifa kowane kwano a rayuwarsa.

Ranar gwaji fili babu kowa sai su biyu. Auta ta makara, ta faɗa mota ba ta ko leƙa baya ba. Zagaye ɗaya ta yi, ta dawo a hankali, ta fito ta zagaya bayan motar. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Baba, ina taka mai na ji bayana ya yi sakayau. Jirgin sama ka haɗa min!"

"To ruwa fa?"

"Wane ruwa?"

"Na sama. In na juya shi yadda kike so, kwano ne na shan ruwan kaji."

Ya juya shi dai, yana mita, kunya na cin sa. Ta sake fita, shi kuma ya tsaya a bakin kwanar nan. Da idonsa ya ga bayan motar ya ɗan durƙusa yayin da gudu ya ƙaru, kamar an ɗora masa buhu, alhali babu komai a kai. Ya cire ƙusar bakinsa. Tun daga ranar, duk sanda aka yi ruwa sai ya fita da tsumma ya tsane kwarmin fiffiken, don zuciyarsa ba ta iya barin ruwa ya kwana a kan ƙarfe.

Ranar tsere Mama ta ce ba za ta je ba, sannan ta riga kowa shiga mota. A wurin shiri Na-Sama ya durƙusa da sifana, ya nufi rami na biyar kai tsaye.

"Na uku, Baba."

"Na biyar ya fi riƙo."

"Na sani. Da na biyar ba zan juya ba, amma kowa zai wuce ni a miƙe. In haka ne gara in zauna gida."

"In kin juya fa? Kin ji abin da uwarki ta ce."

"Na ji. Na gwada na uku sau goma sha biyu, yana riƙe ni."

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba a kan bene mai hawa huɗu. Sifana na hannunsa, kuma da ya sa a na biyar ba lalle ta lura ba sai ta hau hanya. Ya kalli ramukan, ya kalli 'yarsa tana ɗaura igiyar hula. Ya zura noti a na uku, ya ɗaure shi tamau, ya ƙara rabin juyi don kansa.

Motoci tara suka tashi. Shi da Mama suka tsaya bayan shinge daidai doguwar kwana. Sau goma Auta ta shigo ta da gudu, sau goma Mama ta damƙe hannun rigarsa, har ɗinkin kafaɗa ya fara buɗewa. Motar ba ta ko girgiza ba. A zagayen ƙarshe Auta na ta biyu, sai wata jar mota ta fito daga bayanta a miƙaƙƙiyar hanya ta wuce ta da tsawon taya ɗaya. Ta uku ta zo.

Na-Sama ya sauke numfashi, ya juya ya ga fuskar Mama a murtuke. Ya fara haɗa kalmomin roƙo a ransa, yana neman ta inda zai ɓullo mata.

"Malam," ta ce, ba ta ɗauke ido daga jar motar ba, "me ya sa wancan ya wuce ta?"

"Fiffiken ne. Yana riƙe ta a kwana, amma yana ɗan cin gudu."

"A rami na nawa ka sa?"

"Na uku."

Ta saki hannun rigarsa, ta gyara mayafinta.

"Sati mai zuwa ka sa mata a na biyu."