Shugaban Kamfani da Ranar Shuka

A shekarar da aka yi ta cece-kuce kan ko a sauke shugaban wani babban kamfanin fasaha na ƙasar waje, mu a gidanmu na Gwandu mun ɗauki maganar da zafi, sai ka ce kakanmu ne ya kafa kamfanin. Ba wanda ya taɓa ganin mutumin sai a fuskar waya. Amma bazarar nan kaf, da zancensa muke shan furar rana.

Ni a Kalgo nake aure, a can kuma nake koyarwa a wata firamare. Autanmu ma a Kalgo yake, yana da shagon sayar da waya da gyaranta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mukan shiga mota tare mu tafi gida. Ina son tafiyar nan. Zafi kan kwantar da kowa, hira ta mutu, ni kuma in jingina kai da gilas ina kallon gonaki fayau, an share su an tara kara ana jiran sama. Shanu na tsaye a inuwar gawo ba sa ko kaɗa wutsiya. Kafin mu kai Kambaza na yi barci na farka ya fi a ƙirga, har in rasa wanne na gani da ido, wanne na gani a mafarki.

Gidanmu gidan gandu ne. Gonar gida ɗaya ce babba a hanyar Maruda, kowa na aiki a ƙarƙashin Baba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Baba ne ke cewa a fita shuka, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin wani ya ce masa a dakata ba. In an yi ruwan farko zai je bayan gida ya tura hannu cikin ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dawo ya ce a ɗauko sungumi. Da can ba ya kuskure. To amma sama ta canja hali, shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Bara da bara waccan ya sa aka yi shuka a kan ruwan farko, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus. Aka sake shuka, aka sake taɓa iri. Irin geron nan na gidanmu ne tun kakanni, Inna ke adana shi, ba a samun kamarsa a kasuwa. A shekarar da nake magana, abin da ya rage a tulun Inna na shuka ɗaya ne tak. In ya ƙone, ya tafi ke nan.

Kowa ya san wanda ya kamata ya karɓi maganar. Yaya ne, babban wanmu, wanda ke wuni a gonar, ya san kowane kwari da tudu nata. Sai dai Yaya ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. In yana son ya aike shi, sai ya dubi bango ko ya dube ni ya ce, “A hwaɗa ma wancan ya kai taki gona,” alhali wancan ɗin na tsugune a gabansa. Yaya ma haka, sai ya amsa wa bangon. Ina yarinya abin dariya yake ba ni. Da na girma na ga mutum biyu da suka fi kowa son juna a gidan sun tsufa ba su taɓa yin hira ba, sai abin ya koma ba ni haushi.

Auta ne ya kawo labarin kamfanin. A mota ya miƙo mini waya, wai in saurari wani sharhi. Mutumin ya daɗe yana jan ragamar kamfanin, shi ya kai shi inda ya kai, amma yanzu masu hannun jari sun rabu biyu. Wasu na cewa sabuwar fasaha ta zo bai hango ta ba, ƙananan kamfanoni sun sha gabansu, a sauke shi. Wasu na cewa ba a yi wa mai irin wannan tarihi haka. Auta ya kashe wayar yana murmushin nan nasa da ban yarda da shi ba.

“Anti, wanga ai labarin gidanmu na.”

Na ce masa ya kiyaye ni. Na ce in ya kuskura ya kai wannan shirmen gaban Baba, ni da shi ne. Ya ce to. Auta bai taɓa cewa to ya cika ba.

Washegari bayan azahar muna ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Inna na dama fura, Baba na kishingiɗe a tabarma da carbi a hannu, ido a lumshe. Yaya na can gefe yana gyara ƙotar fartanya. Sai Auta ya gyara murya ya fara ba Inna labarin kamfanin da ƙarfi, ita da ko lambar wayarta ba ta riƙe ba. Ya ce shi dai a ganinsa a sauke mutumin. Ya yi ƙoƙari, an gode, amma shugabanci ba gadon kwana ba ne, in ido ya daina hangen nesa sai a ba mai gani.

Na harare shi har idona ya yi zafi. Ban zaci Yaya zai tanka ba, sai na ji muryarsa, kansa na kan fartanya.

“Kai Auta, waɗanga da ka son a tuɓe shi, ina suke sa'ad da mutumin yag gina wurin? Mutum shi yi shekaru shina cishe ku, don ya yi tuntuɓe sai ku ce shi tashi?”

“Yaya, ba tuntuɓe guda ba na. In anka bar shi, wurin duka ka rushewa, har da abin da yag gina.”

“To shi rushe. Ya hi a kunyata shi.”

Haka aka buɗe muhawarar, kuma haka ta ci gaba duk ƙarshen mako. Abin mamakin shi ne wanda za a ba kujerar shi ke kare mai kujerar. Auta kan zo da sabon bayani daga Kalgo: yau an ce ma'aikata sun fara guduwa, gobe an ce wasu manya sun goya wa shugaban baya. Yaya kan ce mutanen can ba su san girman na gaba ba. Auta ya ce girma daban, aiki daban, ana iya barin mutum da girmansa a karɓi aikin. Inna kan sa baki jefi-jefi. Wata rana tana miƙa wa Baba ƙwarya ta ce, “Ni dai tausan matarshi nika ji. In anka zamnad da shi gida, ita ka shan hwaɗa.” Kowa ya yi dariya ban da Baba, wanda muka ɗauka barci yake.

A irin waɗannan ranaku zafi kan sa muryoyinsu su yi mini nisa. Ina kwance a gefen Inna, inuwar ganye na yawo a fuskata, kurciya na kuka a kan katanga, sai in ga shugaban kamfanin. A mafarkina ba ya sa kwat. Tsohuwar shuɗiyar rigar Baba yake sawa, yana tafe shi kaɗai a cikin wani dogon gini na gilas, ɗaki bayan ɗaki, ba kowa sai fitilu. Yakan durƙusa ya shafa daɓen, yana neman inda zai tura hannu, daɓen kuwa santsi ne da sanyi. Sai ya miƙe ya je taga ya tsaya. A waje hadari na haɗuwa, shi kuma yana ta murza ido. Nakan so in ce masa wani abu, sai in farka in ji Auta na cewa “masu hannun jari”, Yaya na cewa “Allah shi sawwaƙe”, gumi ya jiƙa mini wuya.

Da hadari ya fara leƙowa da yamma yana watsewa, haƙurina ya ƙare. Na tare su biyun a zaure na wanke su tas. Na ce maza biyu da gemu sun ɓuya a bayan wani Bature da bai san da zamansu ba, iri na shirin ƙonewa suna hannunka-mai-sanda. Na ce tunda su sun kasa, ni zan faɗa wa Baba, ai ni ba 'yar fari ba ce. Na shiga da saurina na durƙusa gaban Baba. Ya buɗe idanun nan da suka yi fari-fari ya ce, “Ɗiyata, lahiya?” Na dubi hannunsa a kan carbi, duk jijiya, hannun da ya ciyar da mu. Na ce masa zafin bana ya yi yawa. Ya ce ƙwarai kuwa. Na tashi na fita, Auta na ƙunshe dariya, na ce in ya bari ta fito sai na fasa masa baki.

A makon da ya biyo baya ne Baba ya yi magana. Ana tsakiyar muhawara, bai ko tashi zaune ba, ya kira ni.

“Ke, wanga mutum na kamfani, sata yay yi?”

Na ce a'a, Baba.

“Zalunci?”

“A'a. Cewa sunka yi zamani ya sake, shi bai gani ba.”

Ya ja carbi kaɗan. “To in sun tuɓe shi, wa za su sawa?”

Auta ya ce akwai wani na ƙasa da shi, ya daɗe yana yi masa aiki, kowa ya san shi ya fi cancanta.

“Shi mi yac ce?”

“Bai ce komi ba, Baba. An ce ma shi ka kare shi.”

Baba ya lumshe ido har na ɗauka ya koma barci. Can ya ce, “Ashe can ma akwai masu kunya.” Ya juya ya ba mu baya. Yaya ya tattara kayan aikinsa ya fita, ya bar takalminsa a wurin. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen, kuma har yau ban san yadda aka ƙare da shugaban kamfanin ba. Na taɓa tambayar Auta, ya ce shi ma ya daina bibiya.

Ruwan farko ya sauka wata Asabar da la'asar, ina gida. Ba mai yawa ba ne, irin wanda ke kwantar da ƙura ya tayar da ƙamshin ƙasa, yara su fita tsalle. Ni ban yi murna ba. Tsoro ne ya kama ni, don irin wannan ruwan ne ya yaudare mu a baya.

Da safe rana ta ɗan ɗaga, kowa ya hallara a tsakar gida kamar yadda aka saba. Inna ta fito da tulun iri ta ajiye a bakin ƙofarta, ta zauna kusa da shi ta dafa murfin. Baba ya fito da sungumi a kafaɗa. Ya nufi bayan gida shi kaɗai, muna jin takunsa a hankali, ya jima, ya dawo da danshin ƙasa a yatsunsa. Na san abin da zai ce. Na riga na fara jin kukan da zan yi a mota.

Ya tsaya a tsakiyarmu. Bai dube ni ba, bai dubi bango ba. Ya juya sosai ya fuskanci Yaya, ya ɗan matsa kusa don ya gan shi da kyau, ya ce, “Kai. Mu shuka?”

Yaya ya zube a tsugune, kansa a ƙasa. Sai ya juyo wajena.

“Ki hwaɗa mishi...”

“Ba ita nit tambaya ba,” in ji Baba.

Yaya ya ƙara sunkuyar da kai. Mutum ne mai 'ya'ya har da suruki, amma a lokacin nan sai ka ce yaro ne. Da ƙyar maganar ta fito, ƙasa-ƙasa.

“Ƙasa ba ta sha ba, Baba. A jira.”

Baba ya tsaya yana kallonsa, kallon da na tabbata ya daɗe yana son yi. Sannan ya sauke sungumin daga kafaɗa ya jingina shi da rumbu, ya goge yatsunsa a riga.

“Kun ji,” ya ce da mu. “A jira.”

Inna ta ɗauki tulunta ta koma ɗaki. Auta, sarkin surutu, ya shiga latsa wayar da ba ta yi ƙara ba. Baba ya wuce zaure a hankali. Yaya kuwa bai tashi ba. Na je na tsuguna kusa da shi zan ce masa an gama, iri ya tsira, sai na ga hawaye na ɗiga a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Bai ɗago ba ya ce da ni, “Ashe haka tsuhwa ta kama shi. Ban taɓa ganin huskatai kusa ba.”