Likitocin Baba Guda Biyu

Shekarun baya can, lokacin da nake ganin duk unguwarmu ta Harra ta Yamma a Madina babu mai wayona, na kusa zama ajalin mahaifina, kuma wallahi da niyyar alheri.

Baba ya daɗe yana tuƙa mota a barikin soja. Da ya yi ritaya sai aka bar masa katinsa na asibitin soja, inda wani likita dattijo ke duba masa hawan jini tun yana aiki. Asibitin da nisa, sai an hau mota biyu. Ana nan sai gwamnati ta buɗe ƙaramin asibiti, mustausaf kamar yadda muke cewa a Madina, a bayan layinmu, kyauta ga kowa. Ni sarkin dabara, ban shawarci kowa ba na je na buɗe masa fayil a can. Na ce, "Baba, ka huta da doguwar tafiya, ga likita a bakin ƙofa." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe bai bar tsohon likitansa ba. Farkon wata ya je can, tsakiyar wata ya zo nan, kuma bai taɓa gaya wa ɗaya cewa yana zuwa wurin ɗayan ba. Wannan ya ba shi maganin hawan jini, wancan ma ya ba shi, shi kuwa ya riƙa haɗawa yana sha kowace safiya.

Muka ga mutum ya fara jiri, sai ya dafa bango kafin ya kai tsakar gida. Na ce zafin gari ne, na sayo masa sabuwar fanka, ina ta yabon kaina. Sai ranar da ya ɗago daga sujada a sallar azahar a masallaci ya sulale ƙasa, maƙwabta suka kawo shi gida a rirriƙe. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba.

Mahaifiyata ce ta ja ni ɗaki, ta buɗe min gwangwanayen madara biyu, kowanne cike da ƙwayoyi. Ta ce, "Kai da ka yi karatu, duba min nan. Wannan na soja, wannan na unguwa. Duka yake sha."

Na fito na durƙusa gabansa na ce, "Haba Baba, me ya hana ka gaya musu?"

Ya ce, "In gaya wa wa? Mutumin da ya riƙe ni tun gemuna yana baƙi, in dubi idonsa in ce na samo wani? Yaron likitan nan na unguwa kuwa, ina shiga zai miƙe ya sumbaci kaina. In ce masa maganinsa bai ishe ni ba? Abin kunya ne. Kuma kai ka buɗe fayil ɗin, ban so ka ga kamar ka yi wahalar banza."

Wannan ta ƙarshen ce ta karya min zuciya.

Washegari na ɗauki tasi na kai shi asibitin soja, gwangwanayen biyu a leda. A bakin ofishin ya toge, wai ni in shiga shi zai jira, sai da na yi ta lallashi. Likitan ya zazzage ƙwayoyin a tebur, ya auna shi, ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ya Hajji, jininka ya sauka ƙwarai. Da ka ci gaba a haka, da wata maganar ake yi." Daga nan ya rubuta takarda zuwa ga likitan unguwa: awon jini a can kusa da gida, magani kuwa daga hannu ɗaya tak.

A hanyar komawa sai Baba ya taɓa min gwiwa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kana ganin bai ji haushina ba?"

Na juya wajen taga don kada ya ga hawayena.

Allah ya ƙara masa shekaru masu yawa bayan wannan. Yau ni ma na tsufa, ina da katin ritaya ga na unguwa, kuma duk likitan da na je wurinsa sai na juye masa magungunana kaf a tebur, 'ya'yana suna ta dariya. Ina barinsu su yi. Ba su ga kakansu a rirriƙe a bakin ƙofa ba, mutumin da ya gwammace ya faɗi a masallaci da ya ɓata ran mutum uku.