Ƙyallen Makato

Seitoku ya tsufa yana kai mutane tsibiran Yaeyama a kwale-kwale. Kullum ƙyallen da ƙanwarsa Makato ta saƙa masa yana rataye a wuyansa, don shi ke tsare shi a teku. Ran nan suna tsakiyar ruwa wani fasinja da ya sha ya bugu ya fizge ƙyallen ya goge amai. Seitoku ya ɗaga filafili ya sauke masa a baki. Haƙora suka zube cikin jirgi, jini ya wanke masa riga.

"Tsoho, ka haukace ne? A kan tsumma?" in ji mutumin.

"Uwarka ce tsumma!" in ji Seitoku. "Bara muka binne mai saƙar. Wa zai saƙa mini wani?"