Tumatir Biyar a Kanal

A shekarun da ruwan Tiga ya zauna sosai a gonakinmu na Bunkure, aikin maigidana shi ne awon gudun ruwa a ƙasan ƙofar kanal, hanyar da ke kawo mana ruwan noman rani. Turaku biyu ya kafa a bakin ruwa. Sai ya jefa guntun kara a na farko, ya duba agogo, ya rubuta lokacin da karan ya kai na biyu. Sau biyar yake jefawa, don ruwan wurin ba ya tafiya a miƙe. Yana tafasa, yana juyawa, wani lokaci har ya koma baya.

Wata rana na kai masa fura da hantsi, na tarar da shi tsaye da agogo a hannu, karan kuwa ya daɗe da wucewa.

“Malam, ai ya wuce.”

“Na sani,” in ji shi. Can sai ya ce, “Ban sani ba, uwar yara. Kara fari, kumfa fari. Idon nan ya fara yana. In injiniya ya ji, aikin ya ƙare.”

Washegari na zo da tumatir biyar jajaye a bakin zanena.

“Miya za ki yi mini a kanal?”

“Kai dai jefa.”

Ya jefa. Tumatirin ya nutse, ya taso, ya yi juyi biyu a cikin kumfa, ya miƙe. Na ga kansa yana bin sa.

“Ga shi can! Ja'iri, ga shi can!”

Tsinken agogon ma ashe da ƙyar yake gani, sai na karɓa. Lambobin da na koya a yaƙi da jahilci ranar suka fara yi mini amfani. Yana cewa “Yanzu!”, ina rubutawa, bakwai ɗina kamar lauje.

Bayan makonni injiniya ya zo da sandarsa mai farfela a ƙasa. Ya tsoma ta nan, ya tsoma can, sama da ƙasa, ya duba littafinmu ya daɗe. Ya ce awon kwanan nan ya fi na da kusa da nasa, don iska tana tura kara, tumatir kuwa a cikin ruwa yake tafiya.

“Amma rubutun wa ne wannan?”

Malam ya ce, “Na mai ɗakina ne, ranka ya daɗe. Ni ido ya ragu.”

Injiniya ya rufe littafin, ya miƙo mini.

“Hajiya, a riƙa ja wa bakwai ɗin nan layi a tsakiya.”