Kwakwar da Na Ɗauko daga Kwatano

Matankari zuwa Gaya

Na bar Matankari kafin kiran asuba, a kan jaki, kuma ba fatauci ya fitar da ni ba, haushin taubashina Tankari ne. Da ni ake saurare a dandali, don na taɓa zuwa Sakkwato. Tun da ya dawo daga bakin teku da labarin itaciyar da ke haifar ruwa cikin ɗanta, jama'a suka koma ƙofarsa. Shi baki kawai ya kawo, ni na rantse itaciyar zan kawo da ranta.

Ƙarfe tara na hau motar gyaɗa a Dogon Dutsi. Gardi ya duba takardar hanyata a Dosso, ya riƙe ta a kife, ya ce ta yi. Muka kwana Gaya, na ci tuwo da kifi.

Gaya zuwa Kwatano

Da safe muka ƙetare Kwara a jirgin ruwa. Kwana biyu mota na jijjiga mu har Paraku, daga nan jirgin ƙasa.

A zangon Kwatano na sauka wurin Malam Isa, mutumin Kwanni. Ya kai ni gaɓar teku, ga kwakwa jere cikin rairayi irin namu, iskar gishiri na kaɗa su. Ya nuna mini rufin ɗaki na ganyenta, igiyar ɓawonta, da man da mata ke soyawa. Na sha ruwan ɗaya, na ji haushi da Tankari bai yi ƙarya ba.

Sai Malam Isa ya ce, "Ai ɗan'uwanka har bisanta ya hau, masunta suna yi mishi guɗa."

Ni ma na gwada, na sauko da saɓaɓɓen ƙirji.

Komawa gida

Na zaɓi guda mai tsiro kamu ɗaya, na naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu. Kwana shida tana kan cinyata, ruwan gorata ma ita na fara ba.

Na iso da hantsi, na ajiye ta gindin randa, na fita gayyato dattawa, Tankari a gaba. Da muka shigo, sai Inna ta tare mu da akushi. Ta ga tsiro a jikin ƙwallo, ta yi masa abin da muke yi wa na giginya.

Ta ce, "Wanga murucin naku na Kurmi bai da gari ko kaɗan, tun ɗazu nike dahwa shi."

Tankari ya ɗanɗana, ya zauna a tabarmata, ya shiga yi wa dattawa bayanin yadda ake shuka kwakwa.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Malam Isa. Inna kuwa sai da na kwana uku kafin na iya yi mata sannu da aiki.