Zuwa Itapuã Wurin Ɗan Ƙasa

Barroquinha, Litinin

Na bar ɗakina a unguwar Barroquinha bayan sallar asuba, kafin ƙararrawar coci ta fara. Ina ɗauke da buzu da ƙunshin garin rogo, takardar 'yancina kuma tana cikin hula. Ku 'yan'uwa da kuka riga ni ƙetare teku zuwa Ikko, kun aiko kuna tambaya ko zan taho da ɗana Idrisu. Na kama wuri biyu a jirgin da zai tashi wata mai zuwa. Saboda wuri na biyun na yi wannan tafiya.

Ga waɗanda suka manta: fiye da shekara ashirin da suka wuce an yi wani gwamna a lardin nan, ya kafa doka cewa duk wanda aka haifa a Afirka, bawa ne ko 'yantacce, kada ya ƙara tuƙa kwalekwale a tashar jiragen ruwa. Aikin na 'yan ƙasa ne. Bai ɓoye nufinsa ba: in mun rasa abinci, za mu koma inda aka kamo mu, da kuɗinmu. Mu kuwa muka duba muka ga 'ya'yanmu a nan aka haife su. Mai ɗa namiji ya kai shi coci, aka zuba masa ruwa a ka, aka ba shi sabon suna, aka rubuta kwalekwalen da sunan. Idrisu ya shiga coci da safe, ya fito Bento, mai kwalekwale. Mun daɗe muna yi wa gwamna dariya.

Vitória

Na hau keken dogo da alfadarai ke ja, na biya reis ɗari biyu. Da muka biyo ta titin da aka sa wa sunan gwamnan, direba ya nuna allon da bulalarsa.

"Wannan shi ne namiji, tsoho. Kafin shi ba ka ganin ɗan ƙasa a bakin ruwa. Yanzu duk namu ne."

Na ce, "Haka na ji."

"Ƙanena ma yana aiki a kwalekwalen wani Bento na Itapuã. Kirista na gari, bai taɓa fashin coci ba."

Na ce na taɓa jin sunan.

Inda dogo ya ƙare akwai 'yan sanda biyu ƙarƙashin mangwaro. Babbansu ya karɓi takardata, ya warware buzuna yana neman rubutun Larabci da aka hana mu riƙewa, ya samu gashin rago kawai.

"Ina za ka?"

"Wurin ɗana, yallaɓai."

"Shi ma ɗan Afirka ne?"

"A'a, ɗan ƙasa ne kamar ka."

Bai ji daɗin maganar ba, amma doka ce, ba ni na faɗa ba. Ya miƙo mini takardata.

Rio Vermelho

Daga nan da ƙafa na ci gaba, na isa da la'asar. Na sauka gidan Malam Tanko, wanda muka yi tuƙi tare kafin dokar. Shi 'ya'ya mata Allah ya ba shi, bai sami wanda zai rubuta kwalekwale da sunansa ba, ya sayar ya sayi jakai.

"Ga mai ɗa, ga mai jirgi!" in ji shi tun daga ƙofa. "Ka zo duba talakawa?"

"Na zo ganin yadda jaki ke tsufa da ubangidansa."

"Jaki ya fi teku mutunci, Garba. Bai taɓa tambayata inda aka haife ni ba."

Matarsa Iya, Bayarbiya ce mai suyar ƙosai a bakin hanya, ta kawo mana da zafinsa, an soya da manja, ga barkono. Sai 'yarsa ta fari ta durƙusa ta ajiye buta. "Sannu da hanya, Baffa. Ga ruwan alwala." Hausarta tsaf, kamar a Katsina aka yaye ta. Ba wanda ya taɓa buƙatar sunanta, don haka har yau Hauwa take.

Na gaya wa Tanko abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana tauna ƙosai kafin ya ce, "Yaushe rabonka da jin ya kira kansa Idrisu?" Na ce barkonon Iya ya yi yawa.

Itapuã, Talata

Tanko ya ba ni aron jaki. Muka bi gefen teku ta cikin itatuwan kwakwa, muka jira ruwa ya janye kafin mu ƙetare bakin wani kogi, muka shiga Itapuã bayan azahar. Warin kitsen manyan kifaye da ake narkawa don fitila yana nan yadda na san shi.

Na gane kwalekwalen kafin in gane mai shi. Katakon da na sassaƙa da hannuna ne, sai dai an shafa masa shuɗin fenti, an rubuta sunan wani waliyyin Nasara a goshinsa. Idrisu ya taso da gudu, ya sumbaci hannuna. "Baba, sa albarka." Daga nan Hausarsa ta ƙare, muka koma Fotugis, harshen ƙasar nan.

Matarsa ta dafa kifi da ruwan kwakwa. Sai da muka ci na ce, "Na kama wuri biyu. In kana so a kama na uku."

Ya ajiye cokali. "In tafi in yi me, Baba?"

"Ka ga ƙasarka."

"Ga ta nan." Ya nuna yashi. "A can in na sauka za a tambaye ni inda aka haife ni. Wa zai ba baƙo kwalekwale?"

"Sunan nan na takarda ne, Idrisu. Dabara ce muka yi wa gwamna."

"Kai ka riƙe hannuna ka kai ni. Ka ce duk wanda ya tambaya, in ce ni ɗan ƙasa ne. Kullum sai an tambaya, Baba, kullum sai na faɗa. Wace rana ce ya kamata in daina?"

Ban ɗaga murya ba, shi ma haka. Na shimfiɗa buzu na yi la'asar, ya tsaya daga nesa yana korar karnuka kada su gifta ta gabana. Wannan dai bai manta ba.

Komawa ta ruwa, Laraba

Idrisu ya ce ba zan koma a kan jaki ba, zai sa a mayar wa Tanko abinsa. Muka tashi da hantsi da kwandunan kifi, iska na bayanmu. Da muka yi nisa da gaɓa ya matsa ya bar mini sandar tuƙi. Hannuna bai manta ba, kwalekwalen ma haka. Na kewaye duwatsun bakin mashiga ba tare da ya nuna mini hanya ba, har ƙanen direban nan ya tambaya a ina tsoho ya koya.

Da hasumiyoyin coci suka bayyana, muka doshi tasha, Idrisu ya dafa kafaɗata.

"Baba, doka."

Na duba, babu jirgin 'yan sanda ko ɗaya a kan ruwa. Na sakar masa sandar, na koma na zauna tsakanin kwanduna.

Na hau tudu na shiga ɗakina kafin magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Tanko da jakinsa, da Iya, da Bento da ya sauke ni bai karɓi ko kwabo ba. Ku tanadar mini tabarma ɗaya, ta isa. Gwamna ya so baƙi su tafi da kuɗinsu, kwalekwale su zauna a hannun 'yan ƙasa. An ce ya rasu bai ga ƙarshen aikinsa ba. Wanda ya san inda kabarinsa yake, ya je ya gaya masa na biya kuɗin jirgina.